Irin Geron Inna da Kwamfutocin Sallau

Anti Zulai, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Mutum biyu da na fi ƙauna a duniya, mahaifina da mijina, sun shiga wani hali, kuma ni ce a tsakiya. Ba faɗa suka yi ba. Da faɗa ne ma da sauƙi, sai a kira manya a sasanta. To yaya za a sasanta mutanen da ko haɗa ido ba su taɓa yi ba?

Ni ɗiyar Shanga ce, aure ya kawo ni Yelwa, ina koyarwa a wata firamare. Mijina zan kira shi Sallau, ko da yake ɓoye sunan nan wahalar banza ce, don duk wanda ya san bakin ruwan Yauri ya san mutumin da ya cika ɗaki da tsofaffin kwamfutoci. Shi ke kula da ɗakin kwamfuta na wata sakandare. Shekarun baya iska ta kifar da wani jirgin kasuwa a tafkin Kainji, cikin waɗanda suka rasu har da wata ɗalibarsa. Abin ya tsaya masa a rai. Kullum maganarsa ita ce iskar nan ba daga ƙasa ta tsiro ba, da akwai mai dubawa da an gan ta tafe.

Daga nan ya fara kwaso mini tarkace. Wannan daga shagon buga takardu da ya rufe, wancan daga hannun 'yan gwangwan. Shi da amininsa Gideon, malamin kimiyya a makarantarsu, suka gyara masu gyaruwa, suka jera su a kan kantar ƙarfe, suka haɗa su da wayoyi, suka ɗora sola a rufi. Ɗakin da na ci burin yi wa baƙi shi suka ƙwace. Na yi mita har na gaji na bari.

Ba fannina ba ne, amma na sha bayani har na haddace. Ya ce manyan ƙasashe suna da injuna na maƙudan kuɗi masu lissafa yanayin duniya duka, suna kuma sakin sakamakon kyauta a intanet. Sai dai su daga nesa suke kallo, tafkinmu duk girmansa ɗan ɗigo ne a wurinsu. Shi sai ya sauko da nasu, ya sa wata manhaja, ita ma kyauta, ta sake lissafin a kan yankinmu kaɗai, daki-daki. Kwamfuta ɗaya ba za ta iya ba, kafin ta gama lissafin gobe, goben ta zo ta wuce. Shi ya sa ake raba masu aikin kamar gayya, kowace ta ɗauki yankinta na taswira, suna yi suna miƙa wa juna. In ɗaya ta tsaya, duk sun tsaya. Har sunaye ya sa masu na garuruwa, akwai Wara, akwai Ngaski, akwai Birnin Yauri. Wadda ta fi kowace tsufa da nawa ita ya raɗa wa Shanga don ya tsokane ni, wai halin mutanenmu gare ta. Ni kuma in ce ai ita ce ba ta taɓa mutuwa ba, sauran kuwa kullum suna hannun Gideon.

Anti, abin ya yi amfani, ba don mijina ne na faɗa ba. Da safe yakan tura saƙon murya ga masu jirage, ya ce yau akwai alamar iska bayan azahar, wanda zai tsallaka ya tsallaka da wuri. Wani lokaci ya dace, wani lokaci hadarin ya bi ta wani wuri su yi ta yi masa tsiya, shi ma yana dariya. Amma Maliki, shugaban masu jirage na wajen Wara, ya taɓa zuwa har gida da kifi busasshe cike da kwali, ya ce sau biyu saƙon nan yana hana shi ɗaukar fasinja, kuma sau biyun ya ga abin da ya gode wa Allah. Kullum Sallau yana nanata masu cewa injinsa kwana biyu zuwa uku yake hangowa, bayan nan shi da su duk ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mahaifina manomin gero ne, mutum mai kawaici na ƙarshe. Kin san yadda surukuta take a wurinmu. Tun da aka ɗaura mana aure, in mun je Shanga, Sallau tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa, ya tashi. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce maigidanki. In akwai magana, ta bakina take bi. Ko gwangwanin awon ruwan sama da Sallau ya kafa a gonar Baba, don ya riƙa gwada lissafinsa da abin da ya sauka da gaske, ni na roƙa masa izini. Baba ba ya amfani da sandar awon, yatsa yake tsomawa. In an yi ruwa sai ya kira ni ya ce gaɓa ɗaya, ko gaɓa biyu da rabi, ni kuma in isar.

Innarmu ta rasu bara bayan kaka, Allah Ya jiƙanta. Akwai wani irin gero da ta gada a wurin kakarmu, wanda aka taso da shi tun lokacin da ruwan dam ya ci tsohon ƙauyensu. Gajere ne, ba ya cika rumbu kamar na zamani, amma furarsa ko ba nono sai ki sha. Kowace shekara Inna da hannunta take zaɓar zangarniyar da ta fi kyau ta rataye a madafa, hayaƙi na kore mata ƙwari. Mace ce mai sakin hannu, in 'yan'uwa sun zo gaisuwa ba ta barin su tafi haka, ko ɗan geron nan ne sai ta ƙulle masu a gefen zane. Wanda ke rataye bana shi ne na ƙarshe da ta zaɓa. Kuma dokar Baba tun muna yara ita ce ba a zuba iri duka a ruwan farko, rabi ƙasa, rabi a rataye.

Farkon daminar nan muka je suna a gidan ƙanwata. An yi ruwa mai kyau kwana biyu kafin nan. Sallau ya je gaida Baba a ƙofar gida, dattawa cike da tabarma. Sai Baba, wanda bai taɓa tambayarsa komai ba a duniya, ya dube shi a gaban mutane, da fara'arsa, yana alfahari, ya tambaye shi ko ruwan nan ya zauna a yi shuka. Anti, injin ya nuna ruwa na kwana uku masu zuwa, iyakar abin da ya sani ke nan. Amma ta ina zai buɗe baki ya ce wa surukinsa bai sani ba, ranar da aka fara girmama shi a bainar jama'a? Kansa a ƙasa ya ce in sha Allahu. Dattawa suka yi ta sa albarka.

A hanyar dawowa, muna kan mashin, Sallau ya ce in kira Baba in gyara maganar. Wallahi na kira, na ce maigidana ya ce kwana uku kaɗai yake da tabbas, a bi a hankali. Baba ya yi dariya ya ce haka masu ilimi suke, ba su son yabon kai. Washegari ya sauke irin Inna duka ya shuka, bai rage ko zangarniya ɗaya ba.

Ruwan kwana ukun ya zo kamar yadda aka ce. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke, aka share makonni ba ko ɗigo, rana kamar ta dafa mutum. Tsiron ya ƙone ƙurmus. Da ruwa ya dawo Baba ya sayi iri a kasuwa ya sake shuka, kuma alhamdu lillahi gonar ta yi kyau, ba maganar yunwa nake ba. Amma geron Inna ya tafi. Ranar da na je na ga igiyar da take ratayewa tana lilo a madafa ba komai a jikinta, kuka na yi kamar ranar aka yi rasuwar.

Baba ya ci gaba da harkar gonarsa kamar ba a yi komai ba. Sallau kuwa, ranar da labari ya iso, ya shiga ɗakin kwamfutocinsa ya kashe su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko tsofaffin zannuwana ya lulluɓe su. Ni da na yi shekaru ina ƙorafin ƙugin fankokin nan, yau shirun ɗakin ke hana ni sukuni. Sallau ya rame, ba ya cin abincin kirki. Ya ce wanda ya kasa faɗa wa dattijo ɗaya gaskiya bai cancanci jirgi cike da mutane ya dogara da bakinsa ba. Ya ce zai kira 'yan gwangwan su kwashe. Gideon ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ce a mayar da su gidansa, Sallau ya ƙi. Zuwa Shanga kuwa ya daina, wai ba shi da idon da zai kalli ƙofar gidan.

Su Maliki da suka gaji da kiransa yanzu ni suke kira. Me zan ce masu? Muna tsakiyar damina. Duk sanda na ga gabas ta yi baƙi da la'asar sai in yi ta tunanin wa ke tsakiyar tafki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai fasa kirana ba. Duk ruwan da aka yi, da hantsi sai wayata ta yi ƙara. Mu gaisa, ya ce gaɓa biyu, ya tambayi yara, ya kashe. Ni dai a kunnena habaici ne, kamar yana cewa ga ruwan da maigidanki ya yi alkawari, sai yanzu ya iso. Shi ya sa in na ga kiransa nake fita bayan gida in amsa, kuma ko sau ɗaya ban isar wa Sallau ba, kada in ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Anti, in bar shi ya sayar ko hankalinsa zai kwanta? Ko in matsa masa ya kunna, alhali ubana na cikin baƙin cikin da injin nan ya jawo? In na goyi bayan miji kamar na yi wa kabarin Inna rashin kunya, in na yi shiru kuma ina kallon mutum yana narkewa a gabana. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Taki,
Ɗiyar Manomi, daga Yelwa

*

Ɗiyar Manomi, Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Kukan da kika yi a madafa ba na gero ba ne kawai, kuma kada kowa ya ce miki abin bai kai a yi masa kuka ba. Ya kai.

Bari mu fara da raba laifi, don na ga mijinki ya kwashe shi duka ya ɗora a kansa, kuma wannan ma wani irin son kai ne, ko da yake ba ya jin haka. Kuskurensa na gaske ne. An tambaye shi abin da bai sani ba, ya amsa kamar ya sani. Amma ladabi ne ya kai shi, ba ƙarya ko fankama ba, kuma kafin rana ta faɗi ya nemi gyarawa. Injinsa kuwa bai yi ƙarya ba, kwana uku ya ce, kwana ukun aka yi. Na tambayi wani masanin yanayi kafin in amsa miki. Ya ce irin wannan haɗin na ƙananan kwamfutoci aiki ne na gaske, ana yin sa a jami'o'i da dama inda ba a da kuɗin babban inji, kuma ƙarfinsa a kwanaki kaɗan yake, kamar iskar gobe da hadarin jibi. Zaman damina wata tambaya ce daban, wadda ko hukumar hasashen yanayi ta ƙasa kintace take bayarwa a kai, ba alkawari ba. An tambayi injin abin da ba aikinsa ba ne, ta bakin mutumin da kunya ta ɗaure.

Baba ma yana da nasa kason, kuma ina faɗa da girmamawa. Dokar rabi ƙasa rabi a rataye tasa ce, shi ya karya ta. Kin kira shi kin gaya masa, ya zaɓi ya ji abin da ransa ke so. Dattijon da ya yi shekaru yana noma ya san wannan sarai, ba sai an tuna masa ba. Ina kyautata zaton shirun da yake yi ba na fushi da maigidanki ba ne. Mutum ne da ya rasa matarsa, ya so ya ga gonarsa cike da geronta, ya kuma so ya nuna wa sa'o'insa irin surukin da Allah Ya ba shi. Abu biyun suka haɗu suka rinjaye shi.

Yanzu ke. Kin karanta kiran Baba a matsayin habaici, ni kuwa na karanta wasiƙarki na ga wani abu daban. Ki yi tunani. Me zai fitar da tsoho zuwa gona bayan kowane ruwa, cikin taɓo, ya tsoma yatsa a gwangwani, ya zubar da ruwan don na gaba ya samu wuri, sannan ya kira? Ke ba ki da abin da za ki yi da gaɓa biyu. Awon nan mutum ɗaya yake yi wa amfani a duniya. Wanda ya yi fushi tuge gwangwanin yake yi ya jefar, ko ya bar shi ya cika ya yi tsatsa. Baba ba zai iya kiran surukinsa ya ce na yafe, ci gaba da aikinka ba, al'ada ba ta ba shi wannan bakin ba. Bakin da take ba shi ke ce. Ya yi ta aiko saƙo, ke kuma don tausayi kin yi ta tare shi a bayan gida. Ban zarge ki ba, niyyarki mai kyau ce. Amma mijinki yana zaune yana jin an yanke shi, alhali ba a yanke shi ba.

Game da sayarwa, kada ki yarda, kuma kada ki yi faɗa. Ki roƙe shi abu ɗaya, ya bari sai bayan kaka. Ba a yanke irin wannan hukunci da zuciya mai ciwo. Ki kuma gaya masa kiran da su Maliki ke yi miki, ba don ki ɗora masa nauyin rayuka ba, rai na hannun Allah, kuma masu jirage suna da idonsu da saninsu tun kafin a ƙera kwamfuta. Amma ya sani cewa hukuncin da ya yanke wa kansa, wasu ne ke biyan sa. Su bai taɓa ruɗin su ba, kullum yana gaya masu iyakar ganinsa, shi ya sa suke dariya in ya kuskure su kuma dawo gobe. Darasin da ya kamata ya ɗauka daga Shanga ba rufe ɗaki ba ne. Malamai sun ce faɗin ban sani ba rabin ilimi ne, kuma ana iya faɗin sa a durƙushe, kai a ƙasa, ba tare da an zubar da girman kowa ba.

Zuwa Shanga kuwa wajibi ne, ƙaurace wa gidan ya fi kuskuren farko muni. Ya sayi goro, ku tafi tare, ya nemi wani ƙanin Baba ko amininsa ya yi masa baki, kamar yadda aka yi ranar neman aurenki. Kalma kaɗan ta isa, an yi kuskure, a yi haƙuri. Ba sai an buɗe taron bayani a kan kwamfuta ba. Gideon kuma a bar shi ya riƙa leƙa injunan, kada zaman banza da raɓar damina su lalata su kafin mai su ya huce.

Akwai wani abu da kika faɗa a wucewa. Kin ce Inna ba ta barin baƙo ya tafi hannu rabbana, ko ɗan geron nan ne sai ta ƙulle masa. Ban yi miki alkawari ba, wataƙila duk an daka an sha. Amma iri a hannun mace mai kyauta ba kasafai yake zama a gida ɗaya ba. Ki bi gwaggonninki da ƙawayenta, na Shanga da na wajen Ngaski, ki tambaya a hankali ko akwai wadda ta taɓa shuka shi a bayan ɗaki. In an samu ko cikin tafin hannu ne, kada ki kai da kanki, ki ba Sallau ya kai. In ba a samu ba, kin dai gaisa da mutanen da suka san Inna, wannan ma ba asara ba ce.

Amma kafin duk wannan, ga abin da nake so ki fara yi, kuma ba ya buƙatar ko taku ɗaya. In an sake yin ruwa, wayarki ta yi ƙara da hantsi, kada ki fita bayan gida. Ki zauna inda kike, kusa da mijinki, ki buɗe muryar wayar. Baba zai yi magana da ɗiyarsa kamar yadda ya saba, ba wanda ya keta surukuta. Sallau kuma zai ji da kunnensa cewa duk tsawon makonnin nan da ya lulluɓe injunansa, akwai dattijon da bai fasa auna masa ruwa ba.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba Baba damina mai albarka, Ya tsare na kan ruwa, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan wannan tsayuwa da kike yi tsakanin mutum biyu masu kunyar juna.

Anti Zulai